Farar Alkyabbar Dadda Bel'id

Ni Mukran, da sojan Faransa suka ɗaure a gindin zaitun suka bar ni wa diloli, diloli kuma suka ƙi ni, na yi shekaru a ramin kwal a ƙetare na fito da huhuna biyu garau. Ban taɓa zama gaban allo ba, amma a duk tsaunukan nan babu wanda ya fi ni karatun mutum. Sa'o'ina duk na raka su makwanci. Na ga yunwa, na ga wuta, na haɗiye. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya ya ƙi wucewa: abin da aka yi wa Shabha a gidan maƙwabcina Bel'id, hunturun bara. Katanga ɗaya ce ta raba mu, kunnena kuma har yau yana jin tafiyar kyanwa.

Shabha matar Meziyan ce, babban ɗan Bel'id. Cikinta na fari yana wata shida aka kafa mata masaƙa a ɗaki. Dattawa ne suka zaɓi Bel'id ya shugabanci majalisar ƙauye, shi zai tsaya a kan watandar Yannayer, ranar sabuwar shekararmu, da ake yanka bijimai a raba wa kowane gida kashinsa. Ya ce ba zai tsaya gaban jama'a da tsohuwar alkyabba ba, ta kanti kuwa sai wanda ba shi da mata a gida. Matarsa Nanna Juhar sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu. Aikin ya faɗo kan Shabha.

An kuma kafa masaƙar a makare. Yannayer ba ya tarar da zare a rataye. Gidan da sabuwar shekara ta shigo ta sami masaƙa a tsaye, haka al'amuransu za su yi ta rataya har shekara ta zagayo. Saboda haka tun da hantsi Shabha take shiga tsakanin masaƙa da bango, cikinta yana gogar zare, tana cusa ulu da yatsa, tana danna shi da matsefin ƙarfe. Dum, dum, dum. Daga ɗakina nake ji.

Wata safiya ana karyawa da gurasa da man zaitun, ta tattaro ƙarfin halinta ta dubi mijinta.

"Dahbiya ta ce in koma asibiti a yi mini allurar mura."

"Wace Dahbiya?" in ji Meziyan, bakinsa cike.

"Unguwarzomar da take duba ni. Ta ce mai ciki numfashinta a takure yake. In babbar murar nan mai zazzaɓi ta kama ta, takan sauka a huhu, har ta jawo haihuwa kafin lokaci. Ta ce allurar ba ta cutar da ciki. Abin da ta ba uwa ma yana ratsawa ga ɗan, ya kare shi watannin farko da ba a iya yi masa tasa. Kuma ba a biyan ko sisi."

Nanna Juhar ta dire kofinta.

"Allura a jikin mai ciki? Amarya, kanki ɗaya kuwa? Tara na haifa a ɗakin nan, babu wanda ya taɓa soka mini ƙarfe."

Ta manta ta ce huɗu daga cikin taran suna bayan masallaci. Ni na haƙa wa biyu.

"Safiya ɗaya ce, Nanna. In na bi motar farko, kafin azahar na dawo."

"Safiya ɗaya faɗin tafin hannu ne a masaƙa. Wa zai biya mana shi?"

Meziyan ya share baki ya miƙe. "Bari a sauke masaƙa. Bayan Yannayer ni da kaina zan kai ki."

Ranar kasuwa Dadda Bel'id (Dadda muke ce wa dattijo, Nanna kuma dattijuwa) ya sauka gari, ya dawo yana dafe da damtsen hagu, yana cije leɓe kamar wanda ya dawo daga fagen fama. Ashe shi ya je an yi masa allurar. Likitan ciwon sukarinsa ne ya ce ya yi, shi kuwa ba ya wasa da maganar likita a kan jikinsa. Kwana biyu ana gasa masa hannu da tsumma mai ɗumi. Shabha ce ma take ɗora ruwan.

A kwana na biyun ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Dadda, tunda kai an yi maka, ai ka ga ba komai."

"Ni tsoho ne, amarya, jinina ya huce. Ke jininki na tafasa, wace mura ce za ta kayar da ke?" Ya ɗaga hannun da ƙyar, ya yamutsa fuska. "Kuma dubi nan. Ko cokali ba na iya ɗagawa. In naki hannun ya yi haka, wa zai riƙe matsefi?"

Nan maganar ta fito tsirara. Ba tsoron ƙarfe ba ne, ba tausayin ciki ba ne. Damtsenta suke wa tattali.

Ba a daɗe ba Dahbiya ta hau ƙauyen da akwatin sanyinta, ta zauna a ɗakin majalisa tana yi wa tsofaffi da masu ciki. Ni ne na farko a layi, na naɗe hannun riga na ce ta zaɓi inda harsashi bai riga ta ba. Da ta gama ba ta ga Shabha ba, sai ta ɗauki akwatin ta tafi har ƙofar gidan. Nanna Juhar ta tare bakin ƙofa da faɗinta. Shabha tana hango su ta tsakanin zaren masaƙa.

"Nanna, ba sai ta tashi ba. A inda take zaune zan yi mata, kafin ki ƙifta ido an gama."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mun gode. Bayan Yannayer."

"Mura ba ta san Yannayer ba. Ta riga ta cika gari, gadajenmu duk sun cika. Allurar kuma sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara aiki. Ban ce miki tana hana kowane tari ba, amma tana hana da yawa kaiwa ga gadon asibiti."

"Ke 'ya'ya nawa kika haifa?"

"Ban yi aure ba tukuna, Nanna."

"To je ki haifi naki ki soka masa abin da kika ga dama."

Dahbiya ta ɗaga murya ta bisa kafaɗar tsohuwar. "Shabha! Ke fa me kika ce? Jikinki ne, ɗanki ne."

Matsefi ya tsaya. Shabha ta dubi tsakar gida. Meziyan yana tsaye da gatari a gefen itace, ido kawai ya zuba mata. A taga kuma ga inuwar Dadda Bel'id. Ta ji ɗan ya harba ta a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta buɗe baki, abin da ya fito ba nata ba ne.

"Bayan Yannayer, Dahbiya."

Da yamma na tare Bel'id a dandalin majalisa, gaban kowa.

"Kai Bel'id, naka damtsen na zinariya ne, na yarinyar mutane na itace?"

"Dadda Mukran, kai da ba ka san alif ba, yaushe ka zama likita?"

"Ranar da ka zama shugaba. Abin mamaki biyu a shekara ɗaya."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce abin da babba ya hango daga zaune, yaro ko ya hau tsauni ba zai gani ba. Na ce masa na girme shi da shekara goma sha wani abu, kuma daga zaune nake hango masa rami. Aka sake dariya, aka koma zancen farashin bijimai.

Meziyan ne ya kwaso murar daga gidan gahawa. Ya kwanta yana nishi yana kiran uwarsa, Shabha tana tashi daga masaƙa ta kai masa romo, ta share masa gumi, ta kwashe tsummokaran majinarsa ta wanke a ruwa mai ƙanƙara. Dadda Bel'id ya yi atishawa kwana ɗaya ya ware. Ya riƙa bugun ƙirji a dandali, wai shi jinin gidansu mura ba ta kayar da shi.

Meziyan na miƙewa, Shabha ta kamu. Da fari ciwon kai ne da sanyi a ƙashin baya. Washegari jikinta ya yi zafi kamar kaskon gurasa, haƙoranta na haɗuwa. Ta ce a bar ta ta kwanta.

"Mura ce fa, amarya, ba naƙuda ba," in ji Nanna Juhar. "Kwanciya ita ke ba ciwo wurin zama. Sha wannan."

Ta ba ta tafasasshen ganye da zuma, ta shafa mata man zaitun a ƙirji, ta yafa mata bargo, ta zaunar da ita a bayan masaƙa. Har kaskon wuta ta matso mata da shi kusa, don kada a ce ba a kula da ita.

Bugun matsefi ya canza. Da dum, dum, dum ne. Yanzu dum, sai tari mai tsawo, sai shiru, sai dum. Matar ɗana, Wardiya, ta kasa jurewa, ta ɗauki nata matsefin ta shiga, ta ce ita da wasu mata biyu za su karɓa su ƙarasa. Nanna Juhar ta raka ta har waje da murmushi.

"Hannu biyu ba sa haɗuwa a alkyabba ɗaya, 'yata. Wani ya matse, wani ya saki, daga nesa za a gane. Kuma so kike a ce gidan shugaba sai da aka yi musu gayya?"

Shabha ta daina iya kwanciya a miƙe, sai a jingine. In ta ja numfashi, kamar ana caka mata tsinke a gefen ƙirji. Fararen zaren suna rawa a idonta, suna haɗewa suna rabuwa. Ta daina jin yunwa. Abin da ya fi tsorata ta ba wannan ba ne. Ɗan da yake damunta da harbi duk sa'ad da ta sunkuya, yanzu sai ta daɗe tana jira kafin ya motsa, motsin ma kamar na kifi a ruwa mai ƙafewa.

Ana jibi Yannayer ta kama gefen rigar mijinta yana shirin fita.

"Ka kai ni asibiti. Don Allah. Ya rage motsi."

Meziyan ya taɓa goshinta ya janye hannu da sauri. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi da shi. Ya tafi wurin ubansa.

"Baba, jikin nata ya yi tsanani."

"Me ya rage a saƙar?"

"Hular ce kawai da baki."

"To? Aikin yini ɗaya. Kana so sabuwar shekara ta same mu da zare a rataye, da mace mai ciki a gidan? Kan wa abin zai faɗa in ba kan ɗan naka ba? Don shi nake yi. Gobe tana saukewa, a ɗauki mota."

Meziyan ya fita ya dawo da lemo da ƙwayar zazzaɓi. Ya ɓare mata lemon da hannunsa.

"Daure, saura kaɗan. Baba ya ce don yaron ne."

Ta dube shi ta tsakanin zare. Ba ta karɓi lemon ba. Ta ɗauki matsefi.

Jajibirin Yannayer da la'asar na ji guɗa ta tashi a gidan. An yanke zare, an sauke masaƙa. Nanna Juhar ta ɗaga alkyabbar ga haske, fara sol, saƙa a matse kamar fatar ƙwai. Guɗar ba ta kai ƙarshe ba ta koma salati. Shabha ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi, ta zube a inda masaƙar ta bar gurbi, leɓunanta sun yi shuɗi, ruwa na bin ƙafarta.

Ni na fita da sandata na tsaya tsakiyar hanya na tsayar da motar da ta kawo kayan watanda. Direban ya ce yana da sauran sawu. Na ce masa na taɓa tsayar da motar soja da ƙirjina, tasa ba ta kai ba. Aka kwantar da ita a baya, Wardiya ta riƙe kanta, Meziyan yana gaba yana kuka kamar shi aka yi wa laifi.

A babban asibiti suka ce murar ta cinye mata huhu biyu. Suka sa mata abin shaƙar iska. Kafin gari ya waye ta haihu, namiji, bai cika wata takwas ba. Aka sa shi a akwatin gilashi.

A nan ƙauye aka yi watanda. Dadda Bel'id ya tsaya a kan dakali cikin farar alkyabba, ya jefa gefe ɗaya bisa kafaɗa, yana nuna kashin nama da sanda. Mutane suna zuwa suna murza bakin alkyabbar tsakanin yatsu.

"Kai, wannan hannu! Ta amarya ce?"

"Ta gida ce," in ji shi. "Kuma kun ji an yi mini jika? Namiji. Shekara ta shigo da ƙafar dama."

Sau ɗaya aka tura Shabha a keken marasa lafiya ta ga ɗanta. Ƙirjinsa yana shiga yana fita kamar na ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa. Ta zura yatsa ta kafar gilashin, ya riƙe. Yatsan duk kantar ulu ne. Bai kai ranar suna ba.

Ranar da aka sallame ta aka ba su gawarsa. Ta shigo gidan tana dafa bango, Wardiya na bayanta da ɗan ƙunshi a bargon asibiti. Tsakar gida cike da masu ta'aziyya. Dadda Bel'id yana zaune a kujera cikin alkyabbarsa, yana karɓar hannu.

"Kwanansa ne ya ƙare," yake cewa. "Allah ya bayar, Allah ya karɓa."

A ɓangaren mata Nanna Juhar tana share ido tana cewa, "Yaran yanzu mahaifarsu ba ƙwari. Mura fa, mura kawai! Mu da muke haihuwa a gonar zaitun mu ɗauko kaya mu dawo."

Liman ya ce a kawo ƙyallen likkafani. Meziyan ya juya zai shiga ɗaki.

"Tsaya," in ji Shabha.

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji, don ba a taɓa jin ta a tsakar gidan nan gaban maza ba. Ta shiga ɗaki ta fito da almakashin da aka yanke zaren masaƙa da shi. Ta ratsa maza, suna matsawa, ta durƙusa gaban surukinta kamar mai gaisuwa. Ta kama gefen alkyabbar.

"Amarya, mene ne haka?"

"Rabonsa zan ɗiba, Dadda. Mu biyu muka saƙa ta. Ni na zauna, shi ya biya."

Almakashi ya ci ulu. Saƙar ta matsu ƙwarai, sai da ta sa hannu biyu. Babu wanda ya motsa. Bel'id ya ɗaga hannu, ya duba ya ga idon ƙauye gaba ɗaya a kansa, ya mayar da hannun kan gwiwa. Ta yanke kamu ɗaya, ta miƙa wa liman.

"Fari ne, Malam. Mai tsabta ne. Ko bai halatta ba?"

Liman ya juya ƙyallen a hannunsa. "Ya halatta, 'yata."

Kamu ɗayan ma ya yi masa yawa, sai da aka ninka.

Ni na ɗauke shi zuwa maƙabarta, don ubansa ya kasa. Na ɗauki maza a kafaɗa lokacin yaƙi, na haura tsauni da su ban huta ba. Wannan bai kai zakaran da muka yanka daren Yannayer nauyi ba.

Kafin sadakar uku labari ya gama gari cewa zazzaɓi ya taɓa wa Shabha ƙwaƙwalwa. A gidan aka ƙera maganar, Nanna Juhar ta kai ta maɓuɓɓuga, mata suka raba. Babu wanda ya ce a gidan shugaba an hana mai ciki allurar da ake bi gida-gida ana bayarwa kyauta. Cewa aka yi wace irin mace ce za ta yanka alkyabbar namiji a gaban jama'a. Dattawan da suka yi dariya ranar da na tare shi, su ne suka je ba shi haƙuri. Wai an ci mutuncinsa.

Ubanta ya zo ya tafi da ita. Meziyan ya ɗauko mata jaka har mota, ya tsaya yana murza hannu.

"In kin warke ki dawo. Wallahi wannan karon duk allurar da suka ce, ni zan kai ki."

Ta dube shi ta taga. Har yanzu in ta yi magana sai ta tsaya ta nemi numfashi.

"Ai ka cika alkawari," ta ce. "Bayan Yannayer ka ce."

Ba ta dawo ba. An kai alkyabbar wurin tela a gari ya daidaita bakin, ta ɗan gajarta, amma Bel'id yana sa ta kowace Juma'a, yana zama sahun gaba. Da kaka ta yi, ranar kasuwar farko da aka fara allura, na gan shi a layi ya naɗe hannun riga. Nanna Juhar kuwa ta fara yawon ƙauyukan bayan tsauni, gida-gida, tana tambaya ko akwai yarinya mai hankali, marar yawan magana, wadda ta iya saƙa.